Godiya bayan dawowarmu daga Maraɗi da Galmi

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mun iso gida Zariya daren Talata, mu shida da muka tafi wa'azin bishara a Nijar, ba wanda ya ragu a hanya. Ban iya rubuta komai a ranar ba saboda jikina bai gama dawowa ba, amma yau na sami ƙarfi, kuma akwai bashin godiya a wuyana da ba na so ya sake kwana.

Godiya ta fari ga Allah ne, wanda ya fitar da mu ya kuma shigo da mu. Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Jibiya a 'yan shekarun nan ya san ba a bin ta da sakakkiyar zuciya. Mun wuce ta da rana tsaka, muka ƙetare iyaka, muka bi ta Ɗan Isa har Maraɗi, ko ƙaya ba ta soke mu ba.

Baba Pasto da dattawan ikilisiya, mun gode da kuka ɗora mana hannu kuka sallame mu. Iyayenmu na zumuntar mata, baikon da kuka tara shi ya zama kuɗin mai, kuma ƙuliƙuli da soyayyar gyaɗar da kuka ƙulla mana sun kai mu har kwana na takwas. 'Yan'uwanmu na ƙungiyar bishara ta Sabon Rai da ba su sami tafiya ba amma suka riƙe azumi da addu'a kowace Laraba, mun ji nauyin addu'arku a jikinmu. Haka masu bi na Maraɗi da Tsibiri da suka karɓe mu, suka canza mana naira zuwa sefa, suka koya mana cewa a can in an ce jaka ana nufin sefa 1,000, suka haɗa mu da mai bishara ɗan ƙasa wanda ya san kowane ƙauye da mai garinsa. Ba mu shiga ko'ina ba sai da ya fara kai mu gaisuwa wurin mai gari. Inda aka ce mu yi magana muka yi, inda aka ce a'a muka yi godiya muka wuce.

Amma wanda ya sa na zauna rubuta wannan saƙo mutum ne da ba zai karanta shi ba, don ba ya da waya, ba ya kuma karatun boko.

A kwana na biyar, bayan mun wuce Gidan Rumji mun nufi Madawa, fambel ɗin motarmu ya tsinke, injin ya ɗau zafi, muka tsaya cak a bakin titi. Zafin bazara ne irin wanda iska kanta ke ƙona fuska. Direbanmu ya hau wata babbar mota ya koma neman bakanike, mu kuma muka fake ƙarƙashin gawo. Tun safe nake jin ciwon kai ina ɓoyewa, kafin la'asar sanyi ya rufe ni ina karkarwa. Wani dattijo da ke dawowa daga sharar gona a kan amalanke ya tsaya ya yi mana sallama. Ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Ku ɗora yaron nan, ba a barin mai masassara a bakin hanya."

Shugabanmu bai so mu shiga gidan mutum a ɓoye ba, sai ya ce masa, "Baba, gara mu faɗa maka gaskiya tun yanzu. Mu Kirista ne, daga Najeriya muka zo yin wa'azin bishara."

Dattijon ya ce, "Na ji. Ni Musulmi ne, haka ubana. Amma baƙonka annabinka. Ku hau."

Ya shimfiɗa mini tabarmarsa a zaure. Uwargidansa ta dama mana hura, kamar yadda Gobirawa ke faɗa, ta aiko da ruwan randa, ta jiƙa tsumma aka riƙa shafa mini a goshi. Da magariba ta yi ya tashi ya yi alwala ya yi sallarsa, mu kuma muka koma gefe muka yi addu'armu a hankali. Ba wanda ya tsangwami wani.

Bayan isha'i shi da kansa ya buɗe maganar. Ya ce ya sha jin sunan Annabi Isa ɗan Maryamu, yana so ya ji abin da littafinmu ke faɗa da kunnensa, ba ta bakin wasu ba. Na yi shekaru ina shirya amsoshin gardama, na haddace ayoyin da zan kare kaina da su, sai ga shi ranar da aka tambaye ni ina kwance ba na iya ɗaga kai. Ƙaramarmu a tafiyar, wadda ba ta taɓa tsayawa gaban jama'a ba, ita ta buɗe Luka sura 15 da hasken tocila ta karanta labarin ɗan da ya karɓi gādonsa ya tafi ƙasa mai nisa, da uban da ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi. Da ta kai nan sai dattijon ya ce ta dakata. Ya yi shiru mai tsawo. Ashe yana da ɗa da ya bi hanyar Agadas neman kuɗi, shekara huɗu ke nan ba wasiƙa ba saƙo. Ya ce kullum in ya ji mota ta tsaya a titi sai gabansa ya faɗi, kuma abin da ya sa ya karkato da amalankensa wurinmu ke nan.

Mun gaya masa abin da muka gaskata ba tare da rage komai ba, cewa haka Allah yake jiran mai zunubi, kuma Yesu ya mutu ya tashi domin ya buɗe mana hanyar komawa gida. Ya saurara har ƙarshe. Bai ce ya karɓa ba, kuma ba zan ƙara wa labarin gishiri don ya yi daɗin ji a sujada ba. Abin da ya ce shi ne a sake karanta masa wurin da uban ya ruga da gudu, sannan ya roƙi mu sa ɗansa a addu'a. Muka yi a nan take, shi ma ya ɗaga hannuwansa.

Abin da ya taimake mu a daren nan shi ne Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa. Tun 1932 aka buga shi cikakke, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa ya ba da shekarunsa a kai tare da waɗanda suka taya shi. Ina zaune kusa da Wusasa duk rayuwata, amma ban taɓa gode wa Allah saboda wannan aiki kamar yadda na gode a zauren nan ba, da na ga tsoho Bagobiri yana jin maganar kai tsaye babu tafinta.

Washegari mota ta tashi, aka wuce da ni asibitin Galmi, wanda ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta buɗe a 1950. Aka auna jini aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi ƙarfi, aka sa mini ruwa, na kwana uku. Likitoci da nas-nas da suka kula da ni, Allah ya sāka muku. A gadon nan na yi ta tuna Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka soma aikin SIM, waɗanda suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara ƙasarmu, wanda ciwo ya kashe a Girku a 1894 yana saurayi, nesa da mahaifiyarsa. Ni na sami allura da magani da mota. 'Yan'uwana kuma ba su zauna banza ba. A harabar asibitin suka yi ta hira da masu jinya, Hausawa da Buzaye da Fulani, wasu ma daga Sakkwato da Illela suka ƙetaro, kuma da yawa su suka fara tambayar abin da ya kawo mu.

Ina gode wa direbanmu, wanda ya kwana a tasha yana neman fambel, da bakaniken da ya biyo shi da asuba. Ina gode wa matata, wadda ta ji labarin ciwona ta waya ta riƙe yara ba ta tayar da hankalin mahaifiyata ba.

Ranar Lahadi mai zuwa za mu yi sujadar godiya, kuma muna gayyatar kowa. Roƙona ɗaya ne: in kun durƙusa, ku ambaci Baba mai amalanke da uwargidansa da ɗansu da ke wani wuri a arewa. Mun miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, har ransa ya so ɓaci. Ƙwaryar da aka zuba mana hurar guzuri tana nan gidana, na yi masa alkawarin zan mayar da ita da hannuna bayan kaka, in Ubangiji ya yarda.