Linzami mai ƙwallo mara waya: yadda na same shi a aikin yau da kullum

Duk wanda ya ari kwamfutata, abu na farko da yake yi shi ne ya dafa linzamin (mouse) ya nemi jan sa a kan tebur, yadda hannunsa ya saba. Sai ya ga kibiyar da ke kan allo ko gezau ba ta yi ba. Irin wannan linzamin ba a jan sa. Wuri guda yake zama, ka kifa tafin hannunka a kansa, babban yatsanka ya riƙa murza wani ƙwallo da ke gefen hagu, kibiya kuma ta bi duk inda ƙwallon ya juya. Daga wannan zaman wuri guda amfaninsa ya fito, daga nan kuma wahalarsa ta fito.

Wanda nake aiki da shi Logitech Ergo M575 ne, wanda ya fito a 2020 ya gaji M570 na 2010. Ƙwallonsa milimita 34 ne a faɗi, bai kai ƙwallon tebur girma ba. Aikina a kwamfuta bai wuce rubutu da gyaran rubutu, jadawalin lissafi, saƙonnin imel da karatu a intanet ba. Ba na zane, ba na wasannin harbe-harbe, don haka duk abin da zan faɗa a auna shi da wannan ma'aunin. Abu biyu suka kai ni gare shi. Teburina ƙarami ne, kullum takardu da littattafai sun cinye wurin da linzami zai yi yawo. Sannan duk yamma nakan ji kafaɗata ta dama ta riƙe, saboda yinin da hannu yake yi a miƙe yana kai da komo.

Kwanakin farko akwai wuya, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya saya. Babban yatsa ya saba da kamu da matsi, bai saba da aikin da ke son natsuwa ba. Za ka nufi ɗan akwatin rufe shafi, kibiya ta wuce shi. Ka dawo da ita, ta sake wucewa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne zaɓen rubutu: manuniya ta danne madannin hagu, babban yatsa kuma yana murza ƙwallo a lokaci guda, sai ka ga ka haɗa da layin sama ko ka bar harafin ƙarshe. Ga mai gyaran rubutu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don shi ne rabin aikinsa. Abin da ya taimake ni shi ne rage saurin kibiya sosai a saitin kwamfuta, sannan na riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda yatsa ya waye. Na kuma ɗauke tsohon linzamin daga kan tebur gaba ɗaya, domin muddin yana kusa, da aiki ya matsa hannu zai koma kansa. Mutanen da na ji suna kushe irin wannan linzami, yawancinsu a wannan gaɓar suka ajiye shi, tun yatsa bai koyi komai ba, kuma hakan yana ba ni takaici, don sun yanke hukunci kan abin da ba su kai ga ganinsa ba.

Da yatsa ya saba, sai na gane motsi iri biyu ne ake yi. Idan tafiyar kibiya mai nisa ce, kamar daga wannan allo zuwa wancan ga mai allo biyu, sai ka shuri ƙwallon da yatsa ka sake shi ya juya da kansa, ka tare shi in ya kusa. Idan kuma ɗan gyara ne, sai ka ɗora tsokar yatsan a hankali ka gusa shi. Linzami na yau da kullum kan kai ƙarshen shimfiɗarsa, dole ka ɗaga shi ka mayar tsakiya ka ci gaba. Ƙwallo ba shi da ƙarshe, ko'ina ka juya shi akwai sauran hanya.

Akwai kuma wani abu da ban yi tsammani ba, wanda yanzu shi na fi so. Idan kibiya ta isa inda kake so, sai ka ɗage yatsa daga ƙwallon, ta tsaya cak. Ka danna sau ɗaya ko sau biyu, ba za ta gusa ba, saboda yatsan da ke dannawa daban, wanda ke tuƙi daban. A linzamin da ake ja, dannawar kanta takan ɗan ture shi, shi ya sa wani lokaci mutum yana son buɗe fayil sai ya ga ya ja shi ya jefa cikin wata jaka. Wannan ne ma ya sa masu rawar hannu da waɗanda hannunsu ba ya miƙewa sosai sukan fi samun sauƙi da linzami mai ƙwallo.

Wani zai ɗauka sabuwar ƙirƙira ce, alhali ya girmi linzamin da muka sani. Injiniya Ralph Benjamin ne ya fara ƙera irinsa a 1946 don na'urar rada ta sojojin ruwan Birtaniya, aka ɓoye shi a matsayin sirrin soja. A 1952 injiniyoyi a Kanada suka yi nasu don wani tsarin kwamfuta mai suna DATAR na sojojin ruwan ƙasar. Shi kuwa linzamin da ake ja a tebur, sai a 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa duniya shi. Har kwamfutocin tafi-da-gidanka na farko, irin su PowerBook na Apple a 1991, da ƙwallo suka zo a gaban kibod, kafin faifan shafawa ya maye gurbinsa a 1994. Na wancan zamanin da ƙananan tayoyi suke gane juyawar ƙwallon, kuma datti yakan toshe su. Na yanzu wani ɗan ido ne mai haske a cikin ramin yake kallon ɗige-ɗigen da ke jikin ƙwallon, yana ƙirga motsinsu.

Batun rashin waya ya ɗan ba ni tunani. A linzamin da ake ja, amfanin cire waya a fili yake: ba ta maƙalewa, ba ta ja maka hannu. Amma abin da ba ya motsi, ina ruwansa da waya? Sai da na yi amfani da shi na ga amsar. Tunda ba ya buƙatar shimfiɗa, kuma ba ya buƙatar wuri mai santsi ko mai faɗi, waya ce kaɗai za ta ɗaure shi a tebur. Da aka cire ta, ko'ina ya zama wurin aikinsa: hannun kujera, cinya, kan katifa, tebur na gilashi wanda yawancin linzamai ke rikicewa a kansa. Idan zan yi dogon karatu nakan jingina baya, in ɗora shi a cinyata, gwiwar hannuna na manne da jikina. A nan ne kafaɗata ta samu hutun da nake nema, fiye da lokacin da yake kan tebur.

Hanya biyu yake haɗuwa da kwamfuta: ta Bluetooth, ko ta ɗan ƙaramin makarɓin sigina da ake sokawa a ramin USB, wanda ke da ma'ajiyarsa kusa da batir don kada ya ɓata. Ni na soka makarɓin a kwamfutar tebur, na haɗa ta tafi-da-gidanka ta Bluetooth, kuma madanni guda da ke ƙasan linzamin ne ke sauya tsakaninsu. Idan ramin USB bai yi maka ƙaranci ba, makarɓin ya fi, don yana aiki tun kwamfuta tana tashi, kuma ya fi tattalin batir. Batir ɗaya ne ƙirar AA. Kamfanin ya ce yana iya kai wata 24 da makarɓi, wata 20 da Bluetooth, siginar kuma tana kai mita 10. Ni dai na fi son batir da ake cirewa a kan wanda aka rufe a ciki ana caji, domin ranar da na ciki ya gaji, na'urar ce gaba ɗaya ta gaji.

Sai shara, wadda duk mai linzami mai ƙwallo, kowane iri ne, ba shi da makawa sai ya yi. Ƙwallon yana zaune ne a kan wasu 'yan ƙananan ƙulle-ƙulle guda uku masu santsi a cikin raminsa. Yatsa kuma yana ɗauke da maiƙo da gumi da ƙura, duk yana shafa wa ƙwallon, shi kuma yana kankare su a kan ƙulle-ƙullen nan. Sannu a hankali sai ka ji ya fara nauyi, yana cijewa in za ka yi ɗan ƙaramin motsi, sannan ya fizge. Wanda bai sani ba zai ce na'urar ta lalace. Ba ta lalace ba. Akwai rami a ƙasa, ka tura ƙwallon da ɗan yatsa ko gindin biro ya fito, ka goge ƙulle-ƙullen uku da busasshen ƙyalle, ka hure ƙurar da ke kan idon, ka mayar. Bai kai minti ɗaya ba. Abin da na lura shi ne in aka wanke ƙwallon tas da sabulu, yakan yi ɗan kaushi na wani lokaci, sai ya sake samun ɗan maiƙon hannu yake komawa sulɓinsa. Don haka murza shi a tafin hannu kafin a mayar ya wadatar. Sabo fil ma haka yake, sai an ɗan yi aiki da shi yake sakewa.

Ina so in yi magana a kan lafiya da gaske, don na ga masu ciwon wuyan hannu suna sayen irin wannan da fatan warkewa. Linzami ba magani ba ne. Abin da yake yi shi ne ya ɗauke aiki daga kafaɗa da wuyan hannu ya ɗora wa babban yatsa. Ga wanda damuwarsa a kafaɗa take, kamar ni, sauyin alheri ne. Ga wanda tushen babban yatsansa ke ciwo tun asali, musamman mai yini yana latsa waya, zai iya ƙara masa nauyi a kan nauyi. Ni ma ranar da aiki ya yi yawa nakan ji gajiya a gindin yatsan, kuma alamar da nake bi ke nan in tashi in saki hannu. Ciwon da ya daɗe, ko ya zo da dindiris a yatsu, na likita ne.

Mai irin wannan matsalar yana da wata hanya, wato linzamin da ƙwallonsa ke sama a tsakiya, ana juya shi da manuniya da yatsan tsakiya. Kensington Expert Mouse shi ne sanannen misali, ƙwallonsa milimita 55, da zobe kewaye da shi na gungura shafi. Yatsu biyu ko uku ne ke raba aikin, kuma kowane hannu yana iya riƙe shi. Wannan na da muhimmanci ga bahago, don M575 da yawancin masu ƙwallo a gefe an ƙera su ne da siffar hannun dama kawai. Akwai kuma Logitech MX Ergo na 2017, shi ma mai ƙwallo a gefe, mai faifan ƙarfe a ƙasa da ke ba shi damar karkata digiri 20, yadda hannu zai zauna a ɗan gicciye maimakon a kife, yana da madanni na rage saurin kibiya nan take don aiki mai son natsuwa, tayarsa ta gungura shafi kuma tana karkata hagu da dama.

Tayar M575 sama da ƙasa kawai take gungurawa. A burauza, riƙe Shift tare da juya tayar yana tafiyar da shafi gefe, amma mai yini cikin jadawali mai faɗi zai fi jin daɗin taya mai karkata. Madannai biyu na gaba da baya suna kusa da manuniya, kuma ana iya sauya musu aiki ta manhajar Logi Options+. Ni na mayar da su kwafa da liƙawa, abin da ya rage mini kai hannu kibod ba adadi a yini. Zanen layi mai lanƙwasa ko yanke hoto daidai gefensa kuwa, har yanzu yatsana bai kai hannu ƙwarewa ba, kuma ba na jin zai kai. Mai irin wannan aikin ya riƙe alƙalamin zane ko linzaminsa na da a kusa.

Wanda zai saya yanzu ya duba sunan da kyau, domin a 2024 an fitar da M575S, mai madannai marasa ƙara, wanda ya dace da mai aiki cikin dare ko a ɗaki ɗaya da wasu. Makarɓinsa Logi Bolt ne, na M575 kuma Unifying, kuma biyun ba sa jituwa. Idan kana da kibod mai aiki da makarɓin Unifying kana son su yi tarayya a ramin USB guda, tsohon za ka nema. In ba haka ba, sai ka haɗa sabon ta Bluetooth ko ka ba shi raminsa daban.