Yadda na koyi riƙe zaren fim daga finafinan da suka girme ni

Abin da ya faɗo hannuna daga kayan kawuna, Allah ya jiƙansa, shi ne gwangwanayen fim mai faɗin milimita 16 da wata tsohuwar majigi ƙirar Bell & Howell. A zamanin gwamnatin Jihar Arewa ya yi aiki da motar majigi, suna bin garuruwa suna haska wa jama'a finafinan noman auduga da gyaɗa da na tsabta a filin ƙofar fada. Ni kuwa ban tashi cikin sana'ar ba. Da na shiga neman mai koya mini, sai na tarar da malaman a intanet: gajerun finafinai marasa launi na shekarun 1940 da 1950, waɗanda aka shirya a Amurka da Ingila domin malaman makaranta da sojoji da ma'aikatan gidajen talabijin, a nuna musu yadda ake taɓa fim ba a yi masa illa ba.

Dalilin shirya su ba ɓoyayye ba ne. A wancan lokaci aro ake bayar da fim, kwafi ɗaya ya zaga makarantu masu yawa, kuma duk ɓarnar da mutum ɗaya ya yi masa da ita zai isa hannun na gaba. Shi ya sa ba sa wasa da ƙananan abubuwa. Za ka ga an cika allo da hannu kawai, babban yatsa da manuniya sun kama gefe da gefen zaren, ba su taɓa tsakiya ba. Fuska ɗaya ta zaren tana ƙyalli, ɗayar kuma ta dusashe, a kanta hoton yake kwance, kuma maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya bar tabo a wurin. Na sayi farar safar hannu ta auduga kafin in buɗe gwangwani ko ɗaya.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na naɗi. Idan faifai ya yi sako-sako, abin da hannu ke so shi ne ya kama bakin zaren ya ja don ya ɗame. Waɗannan finafinai sun hana haka da babbar murya, suka kuma nuna dalili: duk ƙurar da ke tsakanin naɗi da naɗi sai ta goge jikin hoton, ta bar 'yan gajerun zane-zane da ba sa gyaruwa. Mu da muke shan ƙurar hunturu wannan gargaɗi ya fi shafarmu a kan waɗanda aka yi dominsu. Don haka sai na rufe taga, na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ina warware kowane faifai a hankali da abin naɗi na hannu, zaren yana ratsa tsakanin yatsuna. Ta nan hannu ke jin abin da ido bai gani ba, wato hudar gefe da ta tsage, ko mahaɗar da gam ɗinta ya saki. A wani faifan na tarar da inda aka liƙe tsinkewa da salatif, ya narke ya manne wa naɗin da ke kansa.

Sun kuma daɗe a kan mashigar da fim ke bi ta gaban fitila. Hoto 24 ke wucewa ta wurin a kowace daƙiƙa, saboda haka datti ɗaya da ya daskare zai ja layi tun daga farkon fim har ƙarshensa. Da buroshi mai laushi ko tsinken itace ake share ta, ban da ƙarfe. Sannan a bar wa zaren ɗan sassauci sama da ƙasan mashigar. Idan na ƙasa ya gaza ko ya yi yawa, magana ba za ta dace da motsin baki ba, domin a fim na milimita 16 sauti yana gaban hotonsa da hoto 26.

Akwai wani fim da rundunar sojan ruwan Ingila ta yi a 1948 kan tsohon fim na naitiret, wato wani sinadari mai saurin kama wuta da ake yin zaren fim da shi a da, inda suka nuna yana ci da wuta ko an tsoma shi a ruwa. Ban iya kallonsa ba sai da gobarar silimar El Duniya ta Kano ta faɗo mini a rai, wadda ta tashi daga ɗakin haskawa a 1951 ta ci mutum sama da 300. Hankalina ya kwanta da na san cewa naitiret na manyan finafinan milimita 35 ne, kuma Kodak tun da ya fito da milimita 16 a 1923 bai yi shi da wannan sinadari ba.

Sai dai akwai iyakar da malaman nan suka tsaya. Sabon fim suke magana a kai, kuma duk darasinsu yana ƙarewa ne da kunna majigi. Nawa sun shekara fiye da sittin cikin zafi da danshin damina. Wasu gwangwanayen ina buɗewa sai wani tsami irin na ruwan kal ya bugi hancina, alamar jikin zaren ya fara ruɓewa ke nan, kuma iskar da yake fitarwa tana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Irin wannan zare yana tsukewa, hudojinsa su daina dacewa da haƙoran inji.

Na kai wa wani dattijo da ya yi aikin haskawa a silima faifai ɗaya. Ya shinshina, ya ɗora ɗan bakin zaren a kan haƙoran majigin, ya nuna mini yadda huda ta farko ta zauna amma na gaba suka fara hawa kan haƙori.

"Baba, ko sau ɗaya ba za a haska ba?"

"Yaro, sau ɗayan ne zai yayyaga shi. Ka kalle shi da ido a gaban fitila, ya ishe ka."

Shawararsa na bi. Na ware masu tsami a wani ɗaki daban, na fitar da sauran daga gwangwanayen da suka yi tsatsa, na jera su a kwance a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da ƙasa da bango. Da gilashin ƙara girma nake bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta abin da na gani a jikin kowane gwangwani: manoma a layin awon auduga, wani hawan salla, malamin asibiti yana wa yara allura.

Na san fim yana iya dawowa daga irin wannan hali. Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano shi cikin tsoffin gwangwanaye a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin da nake nema yanzu shi ne wurin da ke da na'urar kwafe fim zuwa kwamfuta ba tare da haƙora sun ja zaren ba, kuma masu tsamin nan zan fara kaiwa, domin su ne ba za su jira ba.