Godiya bayan mun dawo da ƙanina gida

Alhamdu lillahi. Daren jiya ƙanina ya kwana a ɗakinsa nan ƙauyenmu gefen Ringim, bayan wata biyu a asibiti. Ni kam jikina duk ya mutu, amma raina fes.

Ba sai na maimaita ba. Kuna tare da mu tun faɗuwarsa ta farko a gona da aka ce iska ce, har hoton MRI ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, har tiyata a Kano. Ranar da sakamako ya fito ce ban taɓa ba ku labarinta ba.

An tura ɗan abin da aka ciro don gwaji, muka yi ta zaman jira. Da takarda ta iso, likitar ta ce an ga sauyi a ƙwayoyin halittar ƙarin. Matarsa na jin haka sai ta dafe goyonta ta ce, "Likita, to yaran fa?" Wallahi ni ma ƙafata sai da ta yi sanyi. Baiwar Allahn nan ta ajiye biro, ta jawo kujera kusa da ita, ta ce, "Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, a cikin ƙarin kaɗai sauyin yake, ba gadonsa ake yi ba."

Da ta ji mu manoma ne, sai ta kawo mana misalin gero da maiwa: suna tsiro ba kowa ke rarrabe su ba, amma kowanne da kwanakinsa. Haka ƙari biyu kan yi kama a hoto, halinsu ya bambanta. Nasa yana da sauyin da suke kira IDH, kuma ɓangarori biyu na ƙwayoyin halittar ƙarin, da ake kira 1p da 19q, sun ɓace tare. Irin wannan yakan girma a hankali, yana jin magani da gashi (wato ƙona ƙarin da hasken na'ura), masu shi kan yi shekaru da dama. Mai zafin, giliyobilastoma, ba shi da sauyin IDH, kuma yawanci shekara ɗaya da 'yan watanni ake samu ko da magani. Ta ce tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan gwaji cikin hanyar tantance irin ƙarin. Ba ta ce ya warke ba, ba ta kuma yi mana alƙawari ba. Amma ranar na ci tuwo har na ƙara. Allah ya biya ta da Aljanna, ya ji ƙan iyayenta.

Waɗanda suka tsaya mana, na san ba sa son a ambace su, su yi haƙuri. Kawu na Gumel da ya sayar da bijiminsa ana gab da damina. Gwaggo da ta kwana arba'in kan tabarma a baranda. Limaminmu da jama'ar masallaci. Mai shayin bakin ƙofar asibiti da ya daina karɓar kuɗina tun mako na biyu. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya raba ku da zaman jinya, ya sa ku gama da duniya lafiya.

'Yan'uwanmu na birni da hidima ta hana ko kiran waya, mun ga saƙonku a WhatsApp, mun gode.

Da sauran gashi a gaba, a ci gaba da sa shi a addu'a. Masu zuwa dubiya, don Allah bayan la'asar, kuma kada a daɗe, hayaniya na sa shi ciwon kai.