Gyaran Tsohon Gidan Silima a Zangon Kumasi

Gidan silima na unguwarmu ba ya cikin manyan da ake ambata a Kumasi ta ƙasar Ghana, irin su Rex da Odeon da Rivoli. Ƙarami ne, bayansa rufe da kwano, gabansa sararin Allah, allonsa kuwa bango ne da aka shafe da farin fenti. A nan iyayenmu suka kalli finafinan Indiya da na kaboyi, wani lokaci kuma 'yan konsat fati, masu yawon wasan kwaikwayo da kiɗa, su kafa dandamali su yi wasa har dare ya raba.

Ba rana ɗaya ya mutu ba. Dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 ta kashe kasuwar dare ta tsawon shekaru, kafin a farfaɗo kuma bidiyo ya shigo, kowane lungu da ɗakin kallonsa. A 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin finafinan da Nkrumah ya kafa a 1964 ga wani kamfanin Malesiya. Gidajen silima da yawa suka koma coci ko sito. Namu ya zama ma'ajiyar gawayi.

Ni kafinta ne, don haka da samari suka kawo maganar gyara, rufi na fara kallo. Amma aikin farko ba na guduma ba ne. Ginin gado ne, magada suna warwatse tsakanin Kumasi da Accra da Tamale, sai da muka samu yardar kowa a rubuce. Daga nan muka nufi dattawa. Limaminmu ya saurare mu tsaf ya ce, "'Ya'yana, a zamaninmu wurin nan matattarar 'yan iska ne." Na ce, "Allah gafarta Malam, shi ya sa muka zo, ku za ku gindaya mana sharaɗi." Ya gindaya: ba giya, kuma a tsaya lokacin salla. Har gobe ina ganin wannan zama ya fi duk wani buhun siminti da muka saya amfani.

Ruwa shi ne babban abokin gabar gini a garin nan, inda damina ke zuwa sau biyu a shekara. Samari sun ƙagu a yi fenti a ɗauki hoto, na ƙi. Muka fara da yashe kwata, muka ɗaga daɓen ƙofa don kada ruwan titi ya shigo, sannan muka hau sama. Abin da na tarar ya faranta mini rai: manyan katakan icen odum ne, gara ba ta iya da su ba, ƙusa ma da ƙyar take shiga. Waɗanda suka ruɓe su ne na wani ice mai laushi da ake kira wawa, da aka yi faci da su daga baya, su kaɗai muka canja da katako daga kasuwar katako ta Sokoban. Wani ɓangaren rufin na asbestos ne, ƙurarsa tana lalata huhu, sai muka jiƙa shi da ruwa, muka rufe hanci, muka sauke shi falle-falle ba tare da fasawa ba. Ƙafafun kujerun ƙarfe kuwa masu walda na Suame Magazine, unguwar makanikai, suka miƙe mana su.

Ba mu da taswirar ginin. Tsofaffi ne suka zame mana taswira. Wata Hajiya da ta sayar da gyaɗa a ƙofar tun tana budurwa ta nuna mana inda tagar tikiti take, muka ɓare filasta, ga ta nan da ragarta. Ita ce kuma ta hana mu toshe ƙananan tagogin ɗakin majigi, ta nan hasken fim yake fitowa.

Fim kaɗai ba ya biyan kuɗin wuta, wannan mun gane shi da wuri. Yanzu ana hayar wurin don walimar saukar Alƙur'ani da bikin aure, ana kallon ƙwallo, ranar Asabar kuma 'yan makaranta suna gwajin wasan kwaikwayo da Hausa da Twi. Kuɗin yana shiga asusun gyara, ana karanta lissafi a gaban kowa duk ƙarshen wata. Bangon gabas yana da tsaga da muke sa wa ido, shi za mu kama da zarar ruwa ya ɗauke.