Godiya ga Duk Hannun da Ya Taɓa Kayan Lifidin Autana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, liyafar makarantar su auta ta zo ta wuce ranar Asabar, an yi taro lafiya an watse lafiya. Tun daren wayata ba ta huta ba, daga masu sa albarka sai masu tambayar inda na yi hayar kayan da yaron ya saka. Ba haya ba ne. A tsakar gidanmu aka yi su, da soso da gam da fenti, kuma ba hannuna kaɗai ba ne. Tunda a bainar jama'a aka yaba mini, a bainar jama'a ya kamata in gode wa waɗanda suka tsaya mini.

Mako uku kafin ranar aka aiko da takarda cewa kowane yaro ya zo da shigar mutanen Kano na da, wani maƙeri, wani marini, wani falke, wata mai tallan fura. Na ɗauka nawa zai ce malami, in ɗinka masa 'yar riga in naɗa masa rawani shi ke nan. Sai ya ce shi ɗan lifida zai zama. Na san inda maganar ta samo asali. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, ya yi shekaru yana hawa cikin 'yan lifida, kuma hotonsa guda ɗaya da ya rage mana yana rataye a falo, shi da dokinsa duk sun nutse cikin lifidi, fuskarsa kaɗan ake gani a ƙarƙashin kwalkwali. Yaron bai riski kakansa ba. Hoton ya sani, sai kuma abin da yake hangowa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe idan kawunsa ya ɗora shi a wuya. Yaro ne mai in'ina, ko a aji ba ya ɗaga hannu, a gida ma bai cika neman abu ba. Ranar da ya buɗe baki ya nemi wannan, ban iya ce masa a'a ba.

Lifidi na gaske ba kayan ɗan shekara 8 ba ne. Yadi ne da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke shi ƙam don ya tare kibiya, ga nauyi ga zafi. Sai na ce bari in kwaikwaya da abu marar nauyi. Na samo farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa cikin kwalin firji, na yi kwana goma ina sassaƙa shi da reza bayan yara sun yi barci, har kwalkwali da garkuwa suka fito yadda nake so. Ranar Laraba da hantsi na fesa musu fentin gwangwani. Ina tsaye ina kallo soson ya fara tafasa, yana lotsawa kamar kitse a kan wuta. Kafin in ajiye gwangwanin, aikin kwana goma ya koma wani abu mai ramuka da ba shi da suna. Da auta ya dawo daga Islamiyya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Umma, ba komai, zan sa rigata ta Sallah." Wallahi da kuka ya yi da ya fi mini sauƙi.

Godiyata ta farko ga maƙwabcinmu mai ɗinkin takalma, wanda rumfarsa ke bakin layinmu. Maigida ne ya kai masa ragowar kwalkwalin. Yana gani ya ce sinadarin da ke cikin fentin feshi, ɗan uwan fetur ne, cinye irin wannan soson yake yi, ba laifin hannu ba ne. Washegari da sassafe ya rufe rumfarsa, ya ja ƙanena zuwa kasuwar Ƙofar Wambai, suka sayo soson da ake yin tafin silifas da shi, mai tauri, mai santsi, wanda ake sayarwa falle-falle. Mutumin da ke cin abinci da aikin yini ya bar cinikin yini guda saboda ɗan wani.

Abin da na gani a hannunsa ranar nan ba zan manta ba. Ya rufa wa yaron leda a ka, daga goshi zuwa ƙeya, ya bi ta da salatif na takarda har ya zama kamar hula, ya ja layuka da biro, ya cire, ya yanka gida huɗu. Da ya shimfiɗa yankan nan a kan soso sai ga awon kai daidai, ba ƙari ba ragi. Wuƙarsa kuwa, duk yanka uku ko huɗu sai ya wasa ta, ya ce soso ya fi fata cin kaifi, kuma dakusasshiyar wuƙa yagewa take yi ba yanka ba. Da aka zo wajen gam na kai hannu zan haɗa baki biyun da ɗanyensa, ya ce, "Hajiya, dakata. A shafa wa kowane gefe, a bar shi ya sha iska, sai kin taɓa bai biyo yatsa ba." Muka jira kamar minti goma. Sannan ya fara haɗawa daga tsakiyar kai, kaɗan-kaɗan, yana matsewa da babban yatsa, domin wannan gam in ya kama ya kama, babu gyara. Ya kuma hana a yi aikin a ɗaki ko kusa da murhu, ya kori yara zuwa soro saboda warin. Malam, ko sisin kwabo ka ƙi karɓa. Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya raya maka zuri'a.

Sai 'yar uwata mai shagon gyaran gashi a bayan layinmu. Soson nan sai ya ji zafi yake lanƙwasa, in ya huce ya tsaya a yadda aka bar shi, mu kuma tun safe ba wuta. Ta tayar da janaretonta, ta ba mu handiraya, muka riƙa gasa soson muna danna shi a bayan ƙwaryar furata har ƙoƙon kai ya zagaye, garkuwa ma ta yi ciki. Man da ta ƙona ta ce kada in sake in ambata. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Gwaggona, mai shekaru fiye da 60, ita ta ɗinka rigar. Ta sa siririn soson katifa tsakanin yadi biyu, ta bi shi da ɗinki ciki da ciki, da ƙyallayen ja da rawaya da kore da ta daɗe tana tarawa daga ragowar yadin Kantin Kwari. A keken ƙafa ta yi, dare ɗaya. Da na ce ta huta, ta ce, "Rigar yayana nake ɗinkawa, ke ce za ki hana ni?" Daga ni har ita sai da muka share hawaye.

Fenti shi ne abin da na fi tsoro, tunda shi ya cuce ni da farko. Nan Allah ya haɗa ni da wani matashi mai rubuta allunan shaguna, abokin ƙanena. Ya ce wannan soson ba ya narkewa, amma shan fenti yake kamar ƙasar rani, don haka sai an toshe masa ƙofofi. Ya sirka farin gam na kafintoci da ruwa, ya shafa sau uku, kowane shafi sai ya bushe. Ya bi da baƙin fenti mai ruwa, ba mai mai ba. Ni dai na ga kwalkwali ya yi baƙi ƙirin, gabana ya faɗi. Sai ya tsoma bakin burushi cikin ruwan azurfa, ya goge shi a tsumma har kamar babu komai a jiki, ya fara shafar gefe-gefe da tudun ɗinki sama-sama. A gaban idona soson silifas ya koma tsohon ƙarfe da ya sha hannu. Hunturu ya taimaka wajen bushewa, amma ƙura ta so ta ɓata mana, shi ne ya ce a kafa gidan sauro a tsakar gida a sa kayan ciki. Ƙanena mai fenti, Allah ya yi wa hannunka albarka, ya kai ka inda kake buri.

Daren Juma'a wani dattijo, aminin mahaifina da suka yi hawa tare, ya ji labari ya sa jikansa ya rako shi. Ya juya kwalkwalin a hannunsa, ya ce a rage tsawon abin kunne, haka nasu yake. Sannan ya zaro wani ƙunshi daga aljihu, ya warware, sai ga gashin jimina guda biyu na tsohon kwalkwalinsa. Shi da kansa ya soka su. Ya dafa kan auta ya ce, "Ka tsaya ƙyam, kakanka bai taɓa sunkuyawa a kan doki ba." Baba, ban da bakin gode maka. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa a gama da duniya lafiya.

Ranar taro kowane yaro sai ya faɗi jimla biyu game da shigarsa. Malamarsu ta tarihi ce ta rubuta masa, ta kuma zauna da shi kullum lokacin tara yana maimaitawa. Da aka kira shi ya fito, garkuwa a hagu, gashin jimina na kaɗawa. Ya ce shi ɗan lifida ne, kuma tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. A kan sunan Kanajeji harshensa ya sarƙe. Wurin ya yi tsit, ni kuma na damƙe gefen mayafina. Bai sunkuya ba. Ya ja numfashi, ya sake, ya kai ƙarshe. Malama, na ga yadda kika hana kowa ƙarasa masa kalmar, kika bar shi ya fitar da abarsa da kansa. Na gode, na gode.

Ban manta da maigida ba, wanda ya riƙe mana fitilar waya har ƙarfe biyun dare kwana biyu a jere, da yayyen auta da suka yi ta aike ba ƙorafi, da duk wanda ya kira ko ya yi addu'a. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya jiƙan magabatanmu.

Iyaye mata biyu sun tambaye ni awon kwalkwalin. Na kwafe shi a takardar siminti na adana, duk mai so ta leƙo bayan la'asar. Gashin jimina kuwa na naɗe shi a ƙyallensa, gobe in sha Allahu ni da auta za mu mayar wa Baba da ƙafarmu.