Kwalbar insulin ɗin Inna da zafin Afrilu

A bazarar bara muka ɗora wa Inna laifin da ba nata ba. Ciwon suga gare ta, ana mata allurar insulin, maganin da ke sauke sugan jini. Kullum da safe in na soke mata yatsa, mitar auna suga sai ta nuna 280, wani lokaci ta haura 300, alhali allurarta ba ta fashi safe da yamma. Ni da Yaya muka yanke cewa fura take sha in mun fita. Da na yi mata maganar, sai ta dube ni ta ce, "Ke, ni da na haife ki zan yi miki ƙarya a kan fura?" Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ranar ganin likitanta a asibitin Shika, wata sista ta ce in miƙo kwalbar. Ta jujjuya ta, ta ce yaushe aka fara huda ta? Na ce ai wa'adinta da sauran shekara guda, ga shi nan a rubuce. Ta ce wannan kwanan watan na kwalbar da ba a taɓa ba ne, wadda ke zaune a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8. Da zarar allura ta ratsa robar bakinta, yawancin insulin kwana 28 gare shi, wasu kan ɗan wuce haka, takardar cikin kwali ce ke faɗa. Nan na yi lissafi a tsaye: kwalbar yunit 1000 ce, Inna kuma 20 ake mata a rana, kwana 50 ke nan kafin ta ƙare. Mu kuwa sai mun ga ƙarshenta, don kuɗi ne.

Ba nan abin ya tsaya ba. Firij ɗinmu a Tudun Wada kabad ne kawai in wuta ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba, kuma kowa ya san Zariya a Afrilu, zafi na kusan digiri 40. In an kawo wutar, sai in tura kwalbar jikin ƙanƙara wai don ta yi saurin sanyi. Ashe insulin in ya daskare ya tashi aiki, ko da ya narke daga baya. Na Inna mai farin nan ne kamar nono, in an murza shi a tafin hannu ya kamata ya haɗe sumul. Namu da aka ɗaga shi a haske, sai ga ƙanana-ƙananan gudaji manne a jikin kwalbar. Ban taɓa lura ba.

Yanzu tukunya biyu nake amfani da su, ƙarama cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan lambu. Kwalbar da ake amfani da ita tana cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, tukunyar kuma a inuwa inda iska ke ratsawa. Ba ta kai firij sanyi ba, shi ya sa na daina sayen uku a tashi ɗaya. Ta ajiya guda ɗaya ce, tana gidan maƙwabciyarmu mai sola. Ranar da na huda sabuwa, ranar nake rubuta kwanan wata a jikinta da biro.

Tsinken gwaji, wanda ake ɗiga wa jini a mita, shi ma yana lalacewa ba ya sallama. Yana da nasa wa'adin, kuma in an bar murfin robarsa a buɗe da damina, laima ta shige shi, lambar da zai ba ka Allah kaɗai ya sani. A kemis ina duba lambar NAFDAC, ina duba cewa sirinji U-100 ne, wato na insulin mai yunit 100 a kowace mililita, daidai da abin da ke jikin kwalbar. Allurar da aka gama da ita kuwa jarka mai kauri take shiga, in ta kusa cika in kai asibiti, saboda yaran da ke tonon bola.

Sistar ta gargaɗe ni cewa sabuwar kwalba za ta fi tsohuwar ƙarfi, don haka in ƙara yawan gwaji a makon farko, in ajiye suga mai ƙwaya kusa da gado ko da lamba za ta sauka ƙasa da 70. Kwana uku da canjawa mita ta nuna 140. Inna ta karɓi mitar ta duba da kanta, ta miƙo min, ta ce, "To, a kira Yayanki a gaya masa na daina shan furar."