Abin da na gani a lakar bakin teku

Ruwan teku na janyewa, sai ga ƙaguwa ta cika laka kamar tururuwa. Na tsuguna ina kallo. Akwai wata ƙarama wadda namijinta ke da hannu ɗaya ƙato, ɗayan ɗan mitsitsi. Ƙaton yake kaɗa wa mace, da ƙaramin yake ci. Wata kuma bayanta taushi gare shi, sai ta shige kokon katantanwar da ta mutu, in ya matse ta ta nemi wani. Jatan lande ma danginsu ne, 'ya'yansa cikin saiwoyin itatuwan gaɓar teku suke girma. Wallahi raina na ɓaci in na ga ana sare itatuwan nan.